Murya Ta Rage, Dandali Ya Watse: Waiwaye a Kan Manyan Mawaƙan Hausa na Ƙarni na 20

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da ɗan Adam yake bari a bayansa, babu mai saurin ɓacewa kamar murya. Maƙeri yakan mutu ya bar garma, magini ya bar soro, malami ya bar littafi. Shi kuwa mawaƙin baka, kafin zuwan na'urar ɗaukar magana, ba ya barin komai sai abin da ya maƙale a kunnuwan waɗanda suka saurare shi. Saboda haka ne muke da kirarin sarakunan Gobir da Katsina da Kano na ƙarnonin da suka shuɗe, amma babu mahalukin da zai iya gaya mana yadda muryar makaɗan da suka tsara kirarin take, ko siririya ce ko kakkaura, ko a tsaye suke waƙa ko a durƙushe.

Ƙarni na 20 shi ne na farko a tarihin Hausawa da muryoyin mawaƙansa suka tsira bayan mutuwar masu su. A yau yaro zai iya latsa waya a nan Shango ya ji Narambaɗa, wanda ya rasu tun kafin a haifi mahaifin yaron. Wannan babbar sa'a ce, sai dai tana tattare da wani ruɗi, wato zaton cewa tun da muryar tana hannunmu, ai mawaƙin ma yana hannunmu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda waƙar baka ta tashi daga fada da dandali ta koma cikin faifai da kaset, ta nuna abin da aka samu da abin da aka yi asara a wannan ƙaura, sannan ta jawo hankalin ɗalibai zuwa ga wani aiki wanda lokacinsa yake ƙurewa.

2.0 Fada da Dandali

A tsarin gargajiya kowane makaɗi yana da gurbinsa, kuma kayan kiɗansa ne suke shaida gurbin. Tambari da kakaki na sarki ne, taushi da kotso da jauje na makaɗan fada ne, kalangu asalinsa na mahauta ne da 'yan mata, garaya ta mafarauta da 'yan bori, gangar noma ta manoma, ƙwarya kuwa ta mata a cikin gida. Masanin nan M. G. Smith ya bayyana a wata maƙala tasa ta 1957 cewa roƙo a ƙasar Hausa wata hanya ce ta tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma. David Ames, wanda ya ɗauki kaɗe-kaɗe a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, shi da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, inda suka nuna yadda kowane kiɗa yake ɗaure da wani buki ko wata sana'a.

Makaɗin fada ubangida ɗaya gare shi. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi rayuwarsa ta waƙa a ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na III har ya rasu a 1973. Irin waɗannan makaɗa suna da ranakun aikinsu sanannu, kamar daren Juma'a da hawan salla da naɗin sarauta da tarbar baƙo, kuma ubangida ne yake ɗauke da ci da sha da suturarsu, har da doki da gona.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai makaɗan jama'a, waɗanda fagensu shi ne ƙofar gidan buki da bakin kasuwa da filin dambe da tashar mota. Wannan rukuni ne ya bunƙasa ƙwarai a ƙarni na 20, saboda jirgin ƙasa da mota da kuɗin gyaɗa da auduga sun haifar da sababbin iyayen gida, wato 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata da 'yan siyasa. Sa'ad da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sai ƙarfin fada ya ragu, har ya zama makaɗan fada su ma suna fita neman na cefane a wajen attajirai.

3.0 Muryoyin

Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, shi ne ya ɗauki kalangu daga dandalin samari da 'yan mata ya kai shi gaban sarakuna da shugabannin ƙasa. Muryarsa tsayayyiya ce, mai kaifi, wadda ba ta buƙatar lasifika kafin ta ratsa taro. Yakan jefa ɗan waƙa gajere, ya tsaya, ya bar 'yan amshi da kalangai su cike gurbin, kuma a cikin wannan ɗan tsayawa ne yake ƙera layi na gaba. Babu fagen da bai shiga ba: ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi wa noma, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969 bai tsere masa ba.

Narambaɗa daban yake. Muryarsa ba ta cika kunne kamar ta Shata, amma maganarsa tana da nauyi, cike da karin harshen Gobir da Zamfara da zurfin tunani, ta yadda ɗa ɗaya na waƙarsa yakan ishi malami darasin yini guda. Waƙarsa ta Dokin Iska Ɗanfilinge har gobe ita ce ma'aunin da ake gwada waƙar doki da shi. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, gwaninsa yana ga tsarin ƙungiya. Yakan fara layi ya saki, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, su ƙara nasu a kai, har mai sauraro ya kasa gane inda jagora ya tsaya da inda mataimaka suka ɗauka. Irin wannan saƙa ba ta yiwuwa sai da doguwar zama tare da bita, kuma shi ya sa yawancin 'yan amshinsa 'ya'yansa ne da danginsa.

Adamu Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru a 1946, ya zaɓi kishiyar wannan hanya. Ba shi da ɗan amshi ko ɗaya, sai kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, wanda yake amsa masa in ya yi shiru. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, ya mai da talaka abin yabo a cikin adabin da ya saba da yabon masu mulki. A cikin Jawabin Aure yakan sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai sulhu, tamkar wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Muhammadu Bawa Ɗan'anace kuwa muryar filin dambe gare shi, mai gurnani da zuga, wadda ta sa sunan Shago da Ɗandunawa ya wuce zamaninsu. Haruna Uje ya ba direbobi gurmi. Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da amada daga tsakar gida ta kai ta manyan zaurukan taro, tana yi wa mata huɗubar sana'a da neman na kai, tana kuma yi wa kishiya ba'a. A nan jiharmu ma, ba za a manta da Hajiya Fatima Lolo ba, mawaƙiyar Nufawa da ta rasu a 1997, wadda ta riƙe tarihin sarakunan Nupe a bakinta.

4.0 Dandali a Matsayin Maƙerar Waƙa

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, a wajen yawancin waɗannan mawaƙa, ba a gida ake gama waƙa sannan a kawo ta fage ba. Fagen shi ne maƙerar. Mawaƙi yakan zo da gindin waƙa da karinta da wasu 'ya'ya da ya saba jefawa, sauran kuwa taron ne yake ba shi. Albert Lord, a littafinsa na 1960 a kan mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya, ya nuna cewa irin waɗannan mawaƙa suna tsara waƙa ne a daidai lokacin da suke rera ta, kuma ba sa maimaita ta kalma da kalma. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Shata, kuma shi kansa Shatan ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa ba ya zama ya shirya waƙa, in an buga kalangu sai ta zo.

Mu dubi yadda daren wasa yake tafiya. Bayan sallar lisha ake shimfiɗa tabarmi a jera kujeru, a kunna fitilar a-ci-bal-bal ko ta gas, daga baya aka koma janareto. Makaɗa sukan fara ɗumama fage kafin jagora ya fito. Sanƙira yana kewayawa yana tsinto sunaye da asali, yana sanar da wanda ya iso da abin da ya bayar, yana kuma ninka kyautar da baki domin ya zuga na gefe. Mawaƙi yana kallon fuskoki. Wani attajiri ya shigo, sai a saƙa sunansa da na kakansa da garinsu a cikin waƙar da aka fara domin wani. Wani ya yi rowa ko ya yi girman kai, sai habaici ya bi ta kansa ba tare da an ambaci suna ba, taro kuwa ya fashe da dariya domin kowa ya san inda aka dosa. Mace ta rangaɗa guɗa, sai makaɗi ya ƙara wuta. Waƙar da ta ɗauki minti 10 jiya tana iya ɗaukar minti 40 yau, domin jama'ar yau ba ta jiya ba ce.

Ke nan 'yan kallo abokan aikin mawaƙi ne. Kyautar riga ko doki ko mota, da liƙin kuɗi wanda ya yawaita bayan fitowar naira a 1973 da samuwar arzikin man fetur, duk suna cikin ginin waƙar, domin su ne suke tsawaita wani ɗa su gajarta wani. Haka nan a filin dambe, take da kirari su ne suke tsima ɗan wasa ya shiga fage, faɗuwar abokin karawarsa kuma ta haifar da sabon ɗan waƙa nan take. Wanda ya ji Ɗan'anace a kaset ya ji rabin abin ne kawai, sauran rabin yana ga ƙura da ihu da dunƙulallen hannu.

5.0 Faifai, Rediyo da Kaset

Faifan garmaho na farko, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowace fuska. Dole mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa ya datse ta, ya zubar da sunaye, ya bar gindi da 'yan 'ya'ya kaɗan. Ko da babban faifai ya zo, mai ɗaukar kimanin minti 20 a fuska, ɗakin ɗaukar murya ya ci gaba da zama wuri marar jama'a, babu mai liƙi, babu mai guɗa, babu marowacin da za a yi wa zambo. Kamfanoni irin su EMI sun yi wa adabinmu hidima da suka ɗauki waɗannan muryoyi, amma abin da suka ɗauka hoton waƙa ne a tsaye cik.

Rediyo ce ta yi babban juyi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna, a daidai lokacin da ƙaramin akwatin rediyo mai batir yake shiga ƙauyuka. Kafin wannan lokaci makaɗin Isa na mutanen Isa ne, sai kuwa baƙon da ya yi sa'a. Bayan haka sai ga manomi a Kontagora da mahauci a Kumasi da ɗan tireda a Maraɗi suna sauraren murya ɗaya a sa'a ɗaya. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka sun sa jama'a suna aiko da takarda suna zaɓen waƙa, wannan kuwa ya fito da wasu mawaƙa ya dusashe wasu. Yawancin waɗanda muke kira manya a yau su ne waɗanda makirfon Kaduna ya riska. Nawa ne gwanaye a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Damagaram waɗanda motar ɗaukar shiri ba ta taɓa isa garinsu ba?

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya bazu a kasuwanninmu a shekarun 1970 da 1980. Shi ne ya fi kusa da kama dandali yadda yake, domin yana ɗaukar minti 60 ko 90, kuma kowa yana iya ajiye rikodarsa a gefen fage. Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990, a teburin mai shayi da cikin motar haya da shagon tela muka san waɗannan muryoyi, kuma sau da yawa kaset ɗin kofi ne na kofi, ana jin hayaniyar mutane da kukan yaro da shewar mata a bayansa. A wancan lokaci ana ganin wannan hayaniya aibi ce. A wajen mai nazari kuwa ita ce shaida mafi daraja, domin ita kaɗai take nuna cewa akwai mutane a wurin. Aibin kaset na gaskiya shi ne rashin suna da kwanan wata. Dubban waƙoƙi suna yawo a yau ba a san garin da aka yi su ba, balle shekara ko bukin wane ne.

6.0 Jita da Darasin Wasu Ƙasashe

A shekarun da kalangu yake cin kasuwarsa, wani kiɗa dabam yana tashe a Ingila da Amurka, wato kiɗan rok, mai jita da lantarki da manyan lasifikoki. Guguwarsa ta iso Nijeriya. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970 ya yi aiki da Fela, Paul McCartney kuma a Legas ya ɗauki yawancin faifansa na Band on the Run a 1973. A Arewa ma an sami masu kiɗan zamani a kulob-kulob da otal-otal na Kano da Kaduna da Jos. Bongos Ikwue ya yi kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, Bala Miller kuma ya kafa babbar ƙungiya a Kaduna yana waƙa da Hausa a kan jita da ƙahonin Turawa. Duk da haka wannan kiɗa bai kori kalangu daga zuciyar Bahaushe ba, domin kunnensa ya fi karkata ga magana fiye da amon kayan kiɗa.

Abin da ya sa aka kawo zancen rok a nan shi ne yadda masu shi suka riƙi tarihin wasanninsu. Su ma sun san cewa faifai dabam, fage dabam. Ƙungiyar Beatles ta daina wasa a gaban jama'a a 1966, daga cikin dalilai har da cewa ihun 'yan kallo ya hana su jin kansu. Taron Woodstock na 1969 an ɗauke shi a fim an fitar a 1970. Wasan kimanin minti 20 da Freddie Mercury ya yi da ƙungiyarsa ta Queen a filin Wembley ranar 13 ga Yuli, 1985, inda ya mai da mutum fiye da 70,000 'yan amshinsa, har yau ana kallonsa ana nazari. Mafi kusa da halinmu ita ce ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka, wadda ba ta maimaita waƙa iri ɗaya a dare biyu. Ta ƙyale masoyanta suna ɗaukar wasanninta a kaset, har ta ware musu wuri a 1984. Su kuwa suka riƙa rubuta gari da rana a jikin kowane kaset, ga shi yau dubban waɗannan wasanni suna jere a intanet bi da bi.

Ba a fi mu gwanaye ba, an dai fi mu ajiya. Shata ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa, kuma babu wanda ya taɓa iya ƙidaya waƙoƙinsa, amma da wuya a sami wasa 10 nasa da za a ce ga rana, ga wuri, ga waɗanda suka halarta, ga kuma cikakken ɗauka daga farko har ƙarshe.

7.0 Watsewar Dandali

Abubuwa da dama ne suka taru suka watsa dandali. Na farko mutuwa. Shata ya rasu a Kano a watan Yuni na 1999 aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Barmani ta bi a 2013, Ɗanmaraya a watan Yuni na 2015. 'Ya'yan wasu sun gaje su, kamar zuriyar Ɗanƙwairo, amma da yawa sun tafi da kayan kiɗansu, domin 'ya'yan sun shiga boko ko kasuwa, wasu kuma suna gudun a kira su maroƙa. Abin mamaki ne a ce al'ummar da jami'arta ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 ita ce kuma take jinkirin ba ɗan makaɗi aure.

Na biyu sauyin sana'ar kanta. Fim ɗin bidiyo na Hausa, wanda ake ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na 1990, ya zo da waƙar situdiyo, inda fiyano ɗaya yake maye gurbin makaɗa biyar, kwamfuta kuma take gyara muryar da ta karkace. Wannan ya samar wa dubban matasa abinci, ya kuma fito da mawaƙa masu basira, ba a musun haka. Sai dai a wajen buki yanzu sau da yawa waƙar da aka riga aka ɗauka ake sakawa, mawaƙi yana bin ta da leɓe. Waƙar da aka rufe a cikin na'ura ba ta ganin wanda ya shigo, ba ta kuma jin guɗa.

Na uku sauyin zama. Birane sun cika, filayen unguwa sun zama shaguna, buki ya koma zauren haya mai ƙayyadadden lokaci da katin gayyata. Muhawarar malamai a kan kiɗa, wadda ta daɗe tun zamanin masu jihadi, ta sake ƙarfi bayan 1999, wasu hukumomi suka taƙaita wasan dare. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta liƙin naira. A baya-bayan nan kuma rashin tsaro ya zo ya ƙarasa abin da ya rage a karkara. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Kagara da Tegina a 2021 ba su da zuciyar kwana a fili suna sauraren kalangu.

8.0 Aikin da Yake Jiranmu

Minna gari ne da ya dace da wannan bincike. Layin dogon da ya tashi daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, daga baya na Legas ya haɗu da shi, sai garin Gwarawa ya zama mahaɗar Hausawa da Nufawa da Yarabawa da sauransu. Da ya zama babban birnin jiha a 1976, sai ma'aikata da 'yan kwangila da direbobi suka ƙaru, irin mutanen da makaɗa suke bi. A Limawa da Kwangila da Unguwar Daji da Sabon Gari da Bosso da Chanchaga akwai tsofaffin direbobi da mahauta da ma'aikatan jirgin ƙasa, da tsofaffin mata masu abinci, waɗanda suka ga waɗannan mawaƙa da idonsu, ko a nan ko a garuruwan da suka baro.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Wanda yake da shekara 20 a 1975 ya kai 70 a 2025. Wanda ya ga Narambaɗa yana ɗan shekara 15 a 1960 ya kai 80 a wannan shekara. Su ne kaɗai za su iya gaya mana yadda Shata yake tsayawa, da inda yake kallo in zai yi zambo, da abin da taro yake yi in Ɗanmaraya ya sauya murya, da wanda aka yi wa wane habaici da dalilinsa. Kaset ɗin da suke ajiye da shi a ƙasan akwati shi ma yana da ajali, domin zafi da laima suna cin zarensa. Tun 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa na'urorin kunna irin wannan zare suna ƙarewa, an daina ƙera su da kayan gyaransu.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Ya nemi dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya, ya gaishe su yadda ya kamata, ya nemi izini, ya kunna wayarsa. Ya tambayi gari da shekara, in shekarar ta ɓace a kama ta da wani abu sananne, kamar zamanin wane gwamna ko kafin canjin kuɗi ko bayan bukin FESTAC na 1977. Ya tambayi wanda ya gayyato mawaƙin, da yawan makaɗa, da abin da aka bayar, da abin da ya faru wanda ba ya cikin waƙar. In akwai kaset a aro, a juye shi a kwamfuta ba tare da an goge hayaniyar ba, a rubuta duk abin da mai shi ya sani, a mayar masa da kayansa. Ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, da littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, da irin wannan tambaya aka gina su, ƙofa bayan ƙofa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda waƙar baka ta tashi a fada da dandali, inda mawaƙi da jama'arsa suke ƙera ta tare, da yadda faifai da rediyo da kaset suka tsirar da muryar suka bar taron a baya, da kuma dalilan da suka sa taron ya watse. Nazarinmu na jami'a ya fi mai da hankali ga matani, wato jigo da salo da zubi, kuma wannan ya yi amfani. Amma matanin waƙar baka ba ya cika sai an san wanda yake zaune a gaban mawaƙi a daren da aka yi ta. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A nan ba wani ne zai ci rabon ba, ƙasa ce. Kowace jana'izar dattijo da aka yi a unguwanninmu, akwai yiwuwar an binne wani dare na Shata ko na Barmani wanda babu kofinsa a ko'ina. Ɗalibin da ya ceto dare ɗaya daga cikinsu, da rana da wuri da sunan bukin, ya ƙara wa tarihin adabin Hausa abin da babu littafin da zai ba shi.